Rabin Askin Baffa

Baffa ya rasu ranar Laraba da hantsi, a ɗakinsa da ke unguwar Abakpa, a Kaduna. Ya sha kunu, ya ce a rufe masa sauran, ya juya ya fuskanci bango. Da Inna, matarsa, ta dawo ɗaukar ƙoƙon, ya riga ya tafi. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa.

Yayan mahaifina ne. Wanzami ne, kamar ubansa da kakansa.

A wajen zaman makoki na sami bakin tabarma na zauna, ina jin abin da ake faɗa. Liman ya ce bai taɓa jin sirrin wani ya fito daga bakin Baffa ba, alhali babu gidan da bai shiga har tsakar gida ba. Telan bakin layi ya ce, "Ku dubi kawunan nan da ke zaune. Duk wanda aka haifa a unguwar nan, shi ya fara sa masa ƙarfe a kai." Wani mai keke ya ɗaga riga ya nuna tabon ƙaho a gadon bayansa, ya ce tun ranar ciwon bai ƙara leƙo shi ba. Aka yi dariya kaɗan, aka tuna makoki ake yi, aka daina.

Baba Dattijo ma yana nan. Maƙwabcinmu ne, Kirista, mutumin kudancin Kaduna, tsohon direba, dattijo a cocinsu. Ya zauna da mu har rana ta faɗi, yana ta shafa haɓa. Abu ɗaya ya faɗa: "To ni yanzu da wa zan yi gardama ranar Asabar?"

Sai Alhaji mai hatsi ya zo. Ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, ya ce, "Allah ya jiƙansa. Wanzanci kuwa ya ƙare a Abakpa. Sai mu haƙura da yaran nan masu inji."

Ina zaune dab da shi, har ina jin ƙamshin turarensa. Shekara da shekaru ni ke riƙe da aska a zauren Baffa. Ba wanda ya ce masa, "Ai ga ɗansa nan." Ni ma ban ce ba.

Kowa a wurin ya san matar ɗan Alhaji ta haihu ranar Lahadi, suna kuma Lahadi mai zuwa. Tun zamanin kakan Alhaji gidanmu ne ke yi wa gidansu askin suna. In gidan Alhaji ya kira wani wanzami, sauran gidaje za su bi shi, don haka mutanenmu suke. Ni kuma sai in rufe zaure in koma inda ba a san ni ba.

Ban yi boko ba. Haruffan da na sani, a ciki na koye su. Amma an yi ta yabon Baffa har aka yi addu'ar uku, ban ji wanda ya ambaci rabin askinsa ba. Shi ne kuwa Baffa. Don haka na zauna rubutu.

In na ce "a ciki", gidan yari nake nufi. Da ƙuruciya na ƙi sana'ar gidanmu, na tafi tasha yaron mota. Aka yi faɗa, akwai ƙarfe a hannuna, mutum ya rasa ido. Alƙali ya yanke, na yi. Na shiga da baƙin gashi, na fito da furfura a gefen kunne. Mahaifina ya rasu ina can. Iyakar abin da zan ce a kai ke nan.

Sau ɗaya Baffa ya ziyarce ni. Bai tambayi lafiyata ba, bai yi mini wa'azi ba. Ya tsaya yana kallon kaina ta tsakanin ƙarafa, ya ce, "Wa ya yi maka wannan aikin banza?"

Na ce, "Ni na yi wa kaina."

Ya ce, "Da me?"

Na ce, "Da rabin reza."

Ya yi tsaki. "Jikan wanzamai da kai kamar gonar da awaki suka shiga." Ya ajiye mini sabulu ya tafi.

Bayan tafiyarsa na fara yi wa mutane aski a ciki. Wani ɗan Zariya da muke ɗaki ɗaya shi ke jiƙa mini kawuna, ni kuma ina kankarewa. Askin ciki da sauri ake yin sa, kafin gandiroba ya leƙo. Ba a neman kyau, a rabu da ƙwarƙwata kawai.

Ranar da aka sake ni, Baffa kaɗai na tarar a bakin ƙofa, riƙe da tsohon kekensa na hawa. Ba mu hau ba. Ya tura shi, na bi shi a ƙasa. Da muka isa zaure ya ce in zauna. Ya jiƙa mini kai, ya wasa aska, ya aske ni tas. Yana yi yana cewa, "Na san kan nan tun yana da taushi. Ga inda maɗigarka take. Ba abin da ya sauya, datti ne kawai ya taru." Ya tattare gashin ya kai bayan gida ya binne, kamar yadda yake yi wa na jarirai.

Sunan mahaifinsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. "Babana" yake ce mini. Ko zagina zai yi, da shi yake farawa. "Babana, kai dai sakarai ne."

Ba mutum ne mai daɗin zama ba. Wannan ma a rubuta. Yana da rowar yabo. In ka yi daidai sai ya yi shiru, in ka yi kuskure sai layi ya ji. Ya sha yin faɗa da Inna a kan sabulun askinsa da take gutsura ta yi wanke-wanke. Injin aski kuwa, "na'urar yankan ciyawa" yake ce masa. In saurayi ya wuce da askin zamani, sai ya bi shi da kallo ya ce, "Allah ya kiyaye na gaba." Goro yake ci rabi, ya cusa rabin a naɗin hula, ya manta, Inna ta tsinto shi wajen wanki.

Amma in ya ɗora hannu a kan mutum, sai ka ga mutumin ya saki kafaɗa. Wasu har gyangyaɗi suke yi. Ya taɓa ce mini, "Wanda ya ba ka ƙeyarsa ya ba ka abin da shi kansa bai taɓa gani ba. Ka riƙe ta da kunya."

Ni ba wanda ya ba ni ƙeya. Watannin farko wasa aska nake yi, da ɗebo ruwa, da shara. In na shigo zaure, hira takan mutu. Wani ya jawo takalminsa kusa da shi. Wani ya taɓa aljihu. Na ga duka. Na ce wa Baffa ya samo mini kabewa ko fatar akuya in koyi aikin a kai.

Ya ce, "Kabewa ba ta jin zafi. Me za ta koya maka?"

Sai na lura ya daina zuwa wajen abokin sana'arsa na unguwar Kawo da ke yi masa aski. Ya bar gashi ya taru, fari fat. Wata Juma'a da safe, lokacin da maza ke layin aski kafin masallaci, ya ce in fitar da tabarma daga zaure in shimfiɗa a gindin dalbejiyar bakin hanya. Ya fito, ya cire hula, ya zauna, ya ba ni baya.

Ya ce da ƙarfi, don kowa ya ji, "Yau Babana zai yi mini. Mai sauri ya jira."

Na jiƙa, na shafa sabulu, na fara daga dama. Na kankare ɓangaren dama har tsakiyar kai, ina jin idanu a bayana kamar rana.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, har shi. A ciki, in aka buga ƙofar ƙarfe, kowa zubewa yake ya tsuguna, hannu a ka. Ba tunani ake yi ba. Jiki ne ke yi. Na fito, amma jikina bai ji labari ba.

Mai shagon da ke tsallaken hanya ya banko ƙofarsa ta ƙarfe. Gwiwata ta lanƙwashe, hannuna ya zabura. Aska ta tsaga Baffa a saman kunne. Jini ya gangaro kan farar rigarsa ta Juma'a.

Alhaji mai hatsi yana cikin layin. Ya miƙe ya karkaɗe riga. "Mun dai faɗa. Hannun da ya saba da jini ba ya mantuwa. Yau kunne ne, gobe maƙogwaro."

Baffa ya danne wurin da babban yatsa. Bai juyo ba. Ya ce, "Ƙarasa."

Na tsaya.

Ya ce, "Babana, ƙarasa."

Na ajiye askar a kan tabarma, na bi hanya. Ban shiga gida ba. Na hau mota zuwa kasuwar Rigachikun, na shiga cikin masu dakon buhuna. A can ba wanda ke ba ka ƙeya, ba wanda ke tambayar daga ina kake. Ka ɗauka, ka sauke, ka ci, ka kwanta. Na ce wannan ya dace da ni.

Abin da ya faru a bayana, daga bakin Inna da Baba Dattijo na ji shi.

Baffa ya ƙi a ƙarasa masa askin. Haka ya sa hula ya tafi masallaci, rabi fes, rabi gashi. Wajen alwala ya cire hula ya shafi kai, kowa ya gani. Abokinsa na Kawo ya zo da zabirarsa, wato jakar fatar da wanzami ke zuba kayan aiki, ya ce, "Haba, zauna in share maka wannan abin kunya." Ya ce, "Aikin wani ne. Mai shi zai zo."

Bai tsaya nan ba. Ya san in ya bari, gashin dama zai tsiro ya kamo na hagu, abin ya ɓace. Saboda haka duk Juma'a sai ya zauna a gindin dalbejiya, ya sa aska da lalube ya kankare ɓangaren da na aske, daidai inda na tsaya, ya bar ɗayan. Hagu ya yi ta tsawo har hula ta daina zama daidai. Yara suka sa masa waƙa. Wasu suka ce tsufa ya taɓa shi. Wanzami da rabin kai, wa zai zauna a gabansa? Layin Juma'a ya ragu.

Yaya, babban ɗansa, ma'aikacin gwamnati ne a Unguwar Rimi. Ya zo da mota da injin aski a cikin kwali. Ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah. Ana yi mini magana har a ofis."

Baffa ya ce, "Kan naka ne?"

"Baba, wanda kake yi dominsa ma ba ya nan. Ya gudu."

"Bai gudu ba. Ya tafi shan iska. Ɗauke na'urarka kafin in ba awaki."

Inna ta ce ta yi fushi, ta yi kuka, ta daina yi masa magana, ya ce hutu ya samu.

Da Alhaji kuwa faɗa suka yi sosai. Alhaji ya zo aski kamar yadda ya saba, Baffa ya ce ba zai yi ba. "Wanda ya raina hannun ɗana ya raina nawa, gida ɗaya suka fito." Alhaji ya ce, "Gaskiya na faɗa." Baffa ya ce, "To gaskiyar ta aske ka." Tun daga ranar Alhaji ya koma shagon masu inji. Askin suna kaɗai Baffa bai yanke wa gidan ba. Ya ce jarirai ba su yi masa komai ba.

Masara ta nuna, an fara kawo sabuwa, ina sauke buhuna ranar kasuwa, sai na ji an ce, "Babana."

Yana tsaye a tsakiyar 'yan dako da zabira a kafaɗa. Ya cire hula. Wani ya fashe da dariya. Dama tana ƙyalli, da tabon yankana a saman kunne. Hagu kamar auduga a kan kara.

Ya ce, "Ka ga yadda ka bar ni?"

Na ce, "Baffa, me ya hana a ƙarasa maka?"

"Kai ka fara."

"Na yanke ka."

"Ni na yanki ubana a wuri uku kafin in iya. Bai gudu ba, ban gudu ba. Kai wane ne?"

Na ce, "Ba ka ji abin da Alhaji ya faɗa ba?"

Ya ce, "Na ji. Alhaji hatsi yake sayarwa. Me ya zaburar da kai?"

A nan na gaya masa zancen ƙofar ƙarfe. Ya saurara, yana tauna goro. Ya ce, "Shi ke nan? Na zaci wani babban abu ne." Ya zauna a kan buhun masara, ya miƙo mini zabira ta bayan kafaɗa, ya ba ni ƙeya.

Na ƙarasa. 'Yan dako suka kewaye mu suna kallo. Da na gama ya shafa kan da tafin hannu, gaba da baya, ya ce, "Ka bar saura a bayan kunne." Yabon da na samu ke nan. Muka hau mota muka dawo.

Maganin da ya yi mini, ba na jin akwai shi a littafin kowa. Ya ɗauki Inna aiki. Duk lokacin da nake yi masa aski, sai ta laɓe a bayan zaure da murfin tukunya da muciya, ta buga lokacin da ta ga dama. Ranar farko na yar da askar. Ta biyu na tsuguna. Inna ta ji daɗin aikin nan fiye da kima. Ta ce shekara da shekaru tana neman dalilin da za ta buga wa tsohon nan ƙarfe a kunne. Wani lokaci takan bari har na manta da ita, sannan ta saki kwanuka gaba ɗaya a ƙasa.

Baffa yakan ce, ido a rufe, "In ƙara ta zo, ba hannunka kaɗai za ka tsare ba. Wanda ke zaune ma zai zabura. Yatsanka a goshinsa, askarka ta ba fata hanya. Kai ne ba ka da izinin tsoro."

Har aka kai ranar da Inna ta buga, na ci gaba da aski ban ko ɗaga kai ba. Ta leƙo ta ce, "Ko ya kurmance ne?"

Baba Dattijo ne kai na biyu da na samu. Wata Asabar ya zo gyaran fuska saboda Lahadi, Baffa ya miƙa hannu zai ɗauki aska, Dattijo ya ce, "A'a. Hannunka ya tsufa, jiya na ga kana zubar da shayi. Ba yaron."

Baffa ya ce, "Ba ka tsoro?"

"Na yi shekaru ina tuƙa babbar mota ba birki mai kyau. In ya yanka ni, ku dai ku kai ni coci, kada ku yi mini wayo ku kai ni naku."

Baffa ya ce, "Wa zai ɓata likkafani a kanka?"

Haka suke yi duk Asabar. Ina tsakiya, ina aski.

Daga Dattijo sai tela, daga tela sai masu keke. Ba gaba ɗaya suka zo ba, kuma akwai waɗanda har yau ba su zo ba. Da na tashi auren wata bazawara mai ɗinki, Baffa ne ya je wajen kawunta. Kafin a gama gaisawa ya ce, "Ɗana ya yi zaman gidan yari. Ga abin da ya yi, ga abin da yake yi yanzu. Gara ku ji a bakina." Kawun ya ce, "To wa ya tsaya masa?" Baffa ya cire hula ya nuna tabon. "Wannan ne mafi munin abin da ya yi mini. Kuma har gobe shi ke yi mini aski." Aka ba mu. Yanzu muna da 'ya mace, ta fara zuwa makaranta.

Shekarun ƙarshe hannunsa ya kama rawa da gaske. Ni nake komai, shi yana zaune a gefe a kan kujerar katako da rediyo a cinya. Duk da haka in mutum ya tashi sai ya ce, "Baffa ya yi mini aski." Na san abin da suke nufi. Ba hannuna suka yarda da shi ba, zamansa a gefen suka yarda da shi. Gidajen suna ma tare muke shiga, ni da aska, shi da ido. Gidan Alhaji kaɗai nake raka shi da zabira zuwa bakin ƙofa, in tsaya a waje har ya fito.

Kaina kuwa bai bar wa kowa ba. Da hannun nan mai rawa yake yi mini. Yana yanka ni nan da can. Mun yi daidai.

Yana da wata magana game da suna. In na ce, "Baffa, ba a aiko ba," sai ya ce, "Ba a aika wa wanzamin gida. Shi ke ƙirga kwana, ya je. Wanda ake aika wa baƙo ne."

Ranar Asabar bayan addu'ar uku, Baba Dattijo ya zo kamar kullum. Ya zauna, ya kalli kujerar katako, ya kau da kai. Na gyara masa fuska ba gardama. Da zai tafi ya ce, "Gobe suna a gidan mai hatsi."

Na ce, "Na sani."

"An aiko?"

"A'a."

Ya ce, "To." Ya tafi.

Da yamma Yaya ya sauko da zabirar daga ƙusa, yana juya ta. Ya ce zai kai ta gidansa ya ajiye a cikin gilashi don tunawa. Ba da mugunta ya faɗa ba, ubansa ne. Inna ta ce daga inda take zaune, "Ajiye. Ba ta mutu ba ita." Ya kalle ni, ya kalli zabirar, ya miƙo mini.

Lahadi bayan sallar asuba na wasa aska, na rataya zabira, na tafi. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, an raɗa suna, ana rabon goro. Na yi sallama na zauna a inda Baffa yake zama, bakin zaure daga dama. Na fitar da ƙoƙon ruwa da sabulu na jera. Hira ta mutu. Na saba.

Alhaji ya taso ya tsaya a kaina. "An aika maka?"

Na ce, "Ba a aika wa wanzamin gida, Alhaji."

"Na sa a kira wani daga Kawo."

"In ya zo zai same ni. Ba zan hana shi aiki ba. Amma ba zan tashi ba sai ka ce mini tashi, da bakinka, a gaban mutanen nan."

Ya tsufa shi ma. Ya daɗe yana kallon zabirar. Sannan ya ce, "Tsohon nan ya yi watanni yana yawo da rabin kai saboda kai. Ya hana ni askinsa har ya mutu. Bari in ga abin da ya gani."

Ya cire hula, ya tattare babbar riga, ya zauna a kan tabarma ya ba ni baya. "Fara da ni. Kai da gemu. In na ga ɗigon jini, ba za ka taɓa jikata ba."

Na jiƙa, na shafa sabulu. Ya ce ruwan ya yi sanyi. Na fara daga dama. Na gama kai, na zagayo gaba, na ɗaga masa haɓa. Yatsana a goshinsa, aska a ƙasan muƙamuƙi, inda jijiya ke bugawa. Ina jin ta a bakin ƙarfen.

Daidai nan masu jan ragon suna suka fito da shi daga cikin gida. Ragon ya turje, ya fizge, wani ya saki ƙofar ƙarfen gidan ta bugi bango da ƙarfi.

Alhaji ya zabura har gwiwarsa ta ture ƙoƙon ruwa. Yatsana ya riƙe goshinsa. Askar ta riga ta ba fata hanya. Na jira ya sauke numfashi, na mayar da ita inda ta tsaya, na ƙarasa.

Ya shafa wuya, ya duba tafin hannu. Ya sake shafawa, ya sake dubawa. Ya ce, "Hannunka ya fi nasa nauyi." Bai ce in yafe masa ba, ban kuma zo neman haka ba. Ya juya wajen ƙofa ya ɗaga murya: "Ku fito da yarinyar."

Kakarta ta fito da ita a cikin zane. Kan bai cika tafin hannuna ba, maɗiga tana motsi. Na yi bisimilla. Ba ta ko farka ba. Na tattare gashin na ba kakar.

Da rana aka kawo ƙafar rago gidanmu, rabon wanzami. Na kai wa Inna. Ta duba ta ce, "Da yana nan da ya ce sun zaɓo ƙarama."

Allah ya jiƙan Baffa. Ya riƙe sirrin mutane, Allah ya rufa nasa. Ya zauna ya ba ni baya a lokacin da kowa ke tsoron ba ni gaba, Allah kada ya juya masa baya.

Juma'a mai zuwa zan shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, a waje, inda kowa ke gani. Kujerar katako za ta zauna a inda take. Wanda zai zo ya zo.

Ɗan Zariyan nan da ke jiƙa mini kawuna a ciki zai fito bayan babbar salla. Ba shi da kowa a garin nan. Tun ranar Laraba ban sa aska a kaina ba. Ina tara masa.